Ƙofa Biyu, Littafi Ɗaya

Akwai wata cuta da ke kama kwamfutocin ƙananan wuraren kasuwanci wadda ta fi mutuwar na'ura cin rai. Na'urar da ta mutu an san ta mutu, sai a kai ta wajen mai gyara. Ita wannan kuwa komai a kunne yake, fitilu na ta ƙyaftawa, amma firinta ta buga rasit da hantsi ta ƙi da azahar. Kwamfutar mai karɓar kuɗi ta ga lissafin kaya yanzu, an jima ta ce ba ta san zancen ba. Kyamarar tsaro ta ɓace daga wayar maigida, ta dawo, ta sake ɓacewa. Sau da yawa abin yana farawa ne a makon da aka kawo sabuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da aka zuba wa kuɗi don ta riƙe lissafi da takardun gidan, ta kuma raba wa sauran intanet. Sai a ce rezo ne, wato raunin layin sadarwa. A ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, a sayo sabon kebul, a yi wa yaron shago faɗa. Alhali matsalar tana cikin ɗakin: ko dai na'urori biyu ne ke amsa adireshi ɗaya, ko kuma an buɗe wa uwar garken ƙofa biyu ba a gaya mata wace ce ta ina ba.

A Briqueterie, unguwar da aka fi sani da Hausawa a Yaoundé, irin waɗannan wurare ba sa ƙirguwa: masu sayar da shadda da atamfa, shagunan ɗinki, ofisoshin shirya tafiye-tafiye, masu buga takardu, masu hada-hadar kuɗi ta waya. Duk wanda kasuwancinsa ya ɗan yi ƙarfi yana son layin intanet biyu, kuma yana da hujja. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Kamaru. Wanda ya wuni a irin wannan rana bai iya tura ko sisi ba, ba sai an yi masa wa'azin ajiye layi na biyu ba. Sai ka tarar da fiba ta Camtel a gefe guda, ga ƙaramin modem na MTN ko Orange a gefe guda, an sa wa uwar garke katin sadarwa biyu an cusa mata duka. Wani kuma layinsa ɗaya ne, amma katin farko na kallon modem, na biyu na kallon kwamfutocin cikin gida. Duka biyun halal ne. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen rabon lambobi.

Mu shiga shagon tela a goman ƙarshe na azumi, don a can za a fi ganin abin da kyau. Ɗinki ya yi tsiri har rufi, kekuna na gudu dare da rana. Tela mai hankali ba ya dogara da suna, domin masu suna Muhammadu da A'isha a cikin masu kawo masa aiki sun fi a ƙirga. Kowane ƙunshi lamba yake ba shi, a rubuta a ɗan ƙyalle a maƙala, a shigar da ita littafi tare da awo. Idan mai kaya ya zo, yaron shago ya duba littafi, ya ɗaga murya: "Wa ke riƙe da 27?" Wanda aikin ke kan kekensa ya amsa, a miƙo.

Kwamfutoci ma haka suke yi, ba ƙari ba ragi. Kowacce tana da lamba mai gaɓa huɗu, kamar 192.168.1.27, ita ce adireshin IP. Idan ɗaya na son magana da wata, sai ta yi shela ga duk wanda ke ɗakin tana tambayar wa ke riƙe da wannan lamba, mai ita ya amsa da lambar jikinsa ta masana'anta, wadda ake kira MAC. Wannan tsarin tambaya da amsa, ARP, David Plummer ne ya rubuta ƙa'idarsa a 1982, kuma an gina shi kan amana: duk wanda ya amsa an yarda da shi. To yanzu a ce ƙunshi biyu ne ke ɗauke da 27. Yaro ya yi kira, mutum biyu suka amsa, ya karɓi na wanda muryarsa ta fi shiga kunnensa. Yau ya dace, gobe ya miƙa wa dattijo rigar amarya. Abin da ke sa rikicin adireshi ya zama mai zuwa yana tafiya ke nan. Kwamfuta tana riƙe amsar da ta ji na ɗan lokaci, in ta sake tambaya sai ɗayan ya riga amsawa, saƙon da aka nufi firinta da shi ya tafi wayar wani baƙo da ke zaune a benci.

Ta yaya ƙunshi biyu ke samun lamba ɗaya? Hanya ta farko kowane tela ya san ta. Akwai manyan abokan ciniki da maigida ya ware wa lambobi na dindindin, ya rubuta da hannunsa a jikin kanta, amma bai gaya wa yaron da ke riƙe da littafi ba. Yaro na bin lambobi a jere, ya iso kan wadda aka ware, ya bayar da ita da zuciya ɗaya. A duniyar na'urori, yaron littafin shi ne DHCP, manhajar da ke ba duk na'urar da ta shigo aron lamba na wani wa'adi. Masu lambar dindindin kuwa su ne firinta, na'urar ɗaukar hotunan tsaro, da ita kanta uwar garke. Kyamarorin Hikvision kan fito daga kwali da 192.168.1.64, na Dahua da 192.168.1.108, alhali rautoci da yawa, wato na'urorin da ke raba intanet a cikin gida, suna fara rabonsu ne daga 100 zuwa sama. Mai kafa kyamara ya zo ya tafi bai taɓa lambar ba. Shago na tafiya lafiya muddin na'urorin da ke kan Wi-Fi ba su wuce takwas ba. Ranar da baƙi suka yi yawa rabo ya kai 108, sai hoton tsaro ya ɗauke. Haka shi ma mai kafa uwar garke kan ba ta 192.168.1.2 ko 192.168.1.10 saboda ya saba, bai tsaya ya tambaya ko akwai mai ita ba.

Hanya ta biyu ta fi muni, kuma ita ce ta fi tafiya tare da sabuwar uwar garke: littafi ya zama biyu. Tun kafin a kawo ta, modem ne ke rabon lambobi. An kafa ta, ita ma an kunna mata DHCP, ba a kashe na modem ba. Yara biyu ke nan a bakin ƙofa, kowa da littafinsa da alƙalaminsa, babu mai leƙa na ɗan'uwansa. Wannan ya rubuta 30, wancan ma ya rubuta 30. Ba a nan kaɗai ɓarnar ta tsaya ba, domin mai bayar da lamba shi ne kuma ke gaya wa na'ura ta inda za ta fita waje da wanda za ta tambaya sunayen sauran. Kwamfutar da modem ya riga amsa mata za ta samu intanet sarai, amma ta kasa gano manhajar lissafi. Ta kusa da ita kuma komai nata daidai. Sai a yi ta zargin kwamfutar farko, ita kuwa ba ta da laifi. Tsohuwar manhajar Microsoft ta ƙananan kamfanoni, Small Business Server, tana da wata ɗabi'a a nan: in ta ji wani na rabon lambobi a ɗakin, sai ta dakatar da nata rabon ta rubuta dalili a kundin rahotonta, wanda ba kowa ke buɗewa ba.

Ɗaukewar wuta na ƙara wa abin gishiri. Wuta ta dawo, modem ya farka cikin minti ɗaya ko biyu, uwar garke kuwa tana can tana miƙa. Kafin ta shirya, modem ya gama raba wa kowa lamba. Wasu ƙananan rautoci ma in suka mutu suka tashi sai su manta duk aron da suka bayar, alhali wayoyi da kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke kan batir suna nan riƙe da nasu. Ga kuma ɗan ramin nan na bayan modem da ake tsokana da tsinke in intanet ta yi nauyi. Wanda ya tsokane shi ya mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta, har da DHCP ɗin da aka kashe wata shida da suka wuce. Ina ganin duk mai kafa na'ura da ya san aikinsa ya kamata ya rufe wannan rami da salatif, ya kuma yi wa masu shagon bayanin dalili.

Yanzu sai maganar ƙofofi, wadda ita ce ta fi ruɗa har waɗanda suka yi karatun abin. Shagon telan nan ƙofarsa biyu, ɗaya a bakin titi, ɗaya ta baya a lungu. Yaron aike na da ƙa'ida mai sauƙi. In gidan mai kaya a kan titi yake, ya fita ta gaba. In a lungu yake, ta baya. In kuwa nesa ne, Mokolo ko Tsinga ko ma tashar motar Douala, ya miƙa wa mai mashin ɗin da ke jira a ƙofa. Uwar garke mai kati biyu da irin wannan ƙa'ida take aiki. A tsarin da aka fi amfani da shi, mai alamar 255.255.255.0, gaɓoɓi uku na farkon adireshi sunan titi ne, gaɓar ƙarshe lambar gida. Saboda haka 192.168.1.5 da 192.168.1.80 maƙwabta ne, 192.168.8.5 kuwa wani titi ne daban.

To a ce titin gaba da lungun baya sunansu ɗaya, kowanne kuma da gida na 5. An ce wa yaro kai wannan gida na 5. Zai tsaya tsakiyar shago yana waige-waige, ƙarshe ya zaɓi ƙofa ɗaya ya riƙa bin ta kullum, rabin aiken ya riƙa zuwa inda ba a aike shi ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa in aka ba katin farko 192.168.1.2, na biyu 192.168.1.3, alhali kowanne na kallon wani ɓangare daban. Babu lambar da ta maimaitu, babu gargaɗin da zai fito a allo, amma saƙo na fita ta inda bai kamata ba. Kuma abin na faruwa da kansa ba tare da kowa ya nufa ba, saboda masu ƙera na'urori sun taru a 'yan lambobi kaɗan. Ƙananan modem na Huawei masu ɗaukar sim galibi 192.168.8.1 suke amsawa, akwatunansa na fiba kuma 192.168.100.1, rautocin TP-Link da ire-irensu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Wanda ya sayi modem biyu iri ɗaya, ya sa sim ɗin kamfanoni biyu, ya jona su ga uwar garke ɗaya, ya samu titi biyu masu suna ɗaya, da masu mashin biyu masu lamba ɗaya.

Wani zai ce me ya sa duniya duka ta cunkushe a 192.168? Adireshin IPv4, wanda aka tsara a 1981, bai wuce kusan biliyan 4.3 ba gaba ɗaya. Da aka hango ba zai isa ba, a watan Fabrairun 1996 aka fitar da ƙa'idar RFC 1918, wadda ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: duk abin da ya fara da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Kowa na iya amfani da su ba tare da izini ba, muddin ba su fita titin duniya ba. Babban rumbun adireshi na duniya ya ƙare ranar 3 ga Fabrairu, 2011, kuma abin da ya rage wa Afirka yana hannun hukumar AFRINIC da ke Morishus. Amma a cikin gida babu ƙarancin komai. Rukunin 192.168 kaɗai na da titi 256, kowanne da gida 254 da za a iya zama. Rukunin 10 ya haura adireshi miliyan 16. Cunkoson da muke gani na rashin canja abin da aka tarar ne.

Saura mai mashin. In maigida ya ce wa yaro akwai mai mashin a ƙofar gaba, akwai wani a ta baya, duk wanda ka ga dama ka ba shi, to wata rana riga za ta tafi da wannan, wando da wancan. A kwamfuta, mai mashin shi ne babbar mafita, adireshin da ake miƙa wa duk saƙon da ba na unguwa ba. Katin da ke kallon cikin gida ba a rubuta masa mafita ko kaɗan, gurbin a bar shi fayau. Mutane da yawa ba sa jure ganin gurbi babu komai, sai su cike shi, Windows ta yi gargaɗi su danna amincewa su wuce. In kuwa layukan intanet biyu ne da gaske, dole a fifita ɗaya ta hanyar ba shi ƙaramar lambar fifiko, ɗayan ya zama na ko-ta-kwana. In ba haka ba, shafin banki zai ga mutum ya shigo da adireshi ɗaya, an jima ya bayyana da wani, ya kore shi a tsakiyar biyan kuɗi. Akwai kuma ɗan akwatin da ke sa kati ya yi rajistar lambarsa a DNS, kundin sunayen gidan. A katin waje a cire alamar, don kada kwamfutocin ciki su tambayi uwar garke da suna a ba su lambar ƙofar da ba za su iya isa ba.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin wuri mai kwamfuta biyar ko goma bai kamata ya ɗora wa uwar garkensa tsaron ƙofa ba. Aikinta riƙon dukiya ne. Layukan biyu a kai su ga rauta da aka ƙera don haka, irin su MikroTik, ko tsohuwar kwamfuta da aka sa wa pfSense, ita ta san lokacin da za ta juya daga wannan zuwa wancan, uwar garke ta zauna da kati ɗaya a ciki. Microsoft da kanta ta bi wannan hanya: Small Business Server na 2003 ana iya kafa shi da kati biyu, na 2008 kuwa kati ɗaya ya yarda da shi. Wanda dole ta sa shi kati biyu, to ya tabbata kowace ƙofa da sunan titinta.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawa. Alhaji na tsaye yana cewa, "Ɗana, ka haɗa kawai, masu saye na jira." Matashin ma'aikaci kuma yana jin nauyin ya ce a dakata, kada a ɗauka bai iya ba. Ya kamata ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, a ba ni awa ɗaya in san waɗanda ke gidan tukuna, kada mu ba baƙuwa ɗakin da ke da mai shi." Wannan awar ita ce aikin. A cikinta zai zagaya ya rubuta duk abin da ke da kebul ko Wi-Fi, har da na'urar kyamara da ke saman sif da tsohuwar rautar da wani ya jona a ɗakin baya don ƙara ƙarfin rezo, wadda sau da yawa ita ce littafi na uku da ba wanda ya san da shi. Zai shiga kowane modem ya ga lambarsa da iyakar rabonsa. Kafin ya ba uwar garke lamba, zai tambaya ko akwai mai ita. Umarnin ping kaɗai ba ya isa, don wasu na'urori ba sa amsa shi, sai a bi shi da arp -a a ga ko wata lambar MAC ta bayyana, ko a yi amfani da arping a Linux.

Daga nan sai ya zaɓa wa cikin gida titin da babu modem ɗin da ke fitowa da shi, misali 192.168.57. Wannan na da wata fa'ida ga 'yan kasuwa masu tafiya. In Alhaji na masauki a Dubai ko a Kano wajen sarin kaya a Kantin Kwari, yana son ya leƙa lissafin shagonsa ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga daga nesa, kuma Wi-Fi ɗin masaukin na kan 192.168.1 kamar shagon, kwamfutarsa za ta ɗauka uwar garken na ɗakin kusa da shi ne, ba za ta nemi Yaoundé ba. Sai a raba gidajen: daga 1 zuwa 30 na masu zaman dindindin, daga 100 zuwa 200 na aro, mai rabo kuma ɗaya tak. Wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye lambar MAC ta ainihi su nuna wata, don haka a ware wa baƙi Wi-Fi nasu daban, kada su cinye lambobin aiki.

In kuwa rikicin ya riga ya auku, ba a kama mai laifi da zato. Windows takan bincika kafin ta ɗauki lamba, in ta ji wani ya amsa sai ta janye, ta koma wata mai farawa da 169.254; ganin wannan a umarnin ipconfig alama ce ta ko dai an yi karo, ko ba a samu mai rabo ba. A kundin rahoto, saƙo mai lamba 4199 yana ɗauke da lambar MAC ta wanda aka yi karo da shi. Haruffa shida na farkonta suna nuna kamfanin da ya ƙera na'urar, don hukumar IEEE ce ke raba su, kuma da ka ga sunan mai ƙera kyamara ko firinta ka san ɗakin da za ka nufa. Umarnin ipconfig /all a kwamfutoci biyu ko uku zai nuna wa ya ba kowacce lamba. In amsar ta bambanta, littafi biyu ne. Umarnin route print a uwar garke zai nuna mafita nawa take da su. Wani lokacin ma abokin karon fatalwa ne: an cire tsohon kati an sa sabo, Windows na nan riƙe da lambar a kan wanda aka cire, sai an tono shi cikin ɓoyayyun na'urori an goge.

Bayan gyara, a rubuta tsarin a takarda, kowace na'ura da lambarta da inda take, da sunan mai rabon lambobi, a manna ɗaya kusa da uwar garke, a ba mai shago ɗaya ya ajiye tare da takardun haya. Ma'aikacin da ke riƙe wannan a kansa don a riƙa nemansa yana cutar mutumin da ya amince masa, kuma wanda zai zo kafa kyamara badi ba shi da inda zai duba. Kafin a karɓi kuɗin aiki kuma a gwada abin da zai faru ko ba a so. A kashe komai daga babban makunni, a kunna su lokaci guda kamar yadda wuta ke dawowa, a jira, a duba kowace kwamfuta ta samu lambarta daga inda ya dace. Sannan a zare layin farko a buga rasit, a buɗe shafin banki, a mayar da shi a zare na biyu a sake gwadawa, mai shago na tsaye yana gani.